Ɗigon Jan Mai a Shafi na 47

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma zancen mota zan yi muku, sai ku yi haƙuri da ni.

Ina da wata tsohuwar Toyota Corolla ƙirar 2005 mai giyar otomatik. Da ita nake kai yara makaranta, da ita nake zuwa aiki. A damunar bara maiɗakina ta ce mini in ta zo shara tana ganin ɗigon jan mai a inda nake ajiye motar. Na ce mata tsohuwar mota ba ta rasa yoyo. Bayan mako guda ta sake faɗa, na ce zan duba. Ban duba ba. Hankalina duk yana kan littafina na farko, wanda na shekara biyu ina tara kuɗin buga shi.

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Da safe in na sa giya a D sai motar ta yi jim kafin ta karɓa, sannan ta zabura. Ranar da na tsorata kuwa a kan gadar Ƙofar Nassarawa ne. Na taka totur, injin ya ɗau ƙugi, amma motar sai jan ƙafa take yi, 'yan adaidaita sahu suna ta danna mini hon, yara sun yi tsit a baya.

Bakaniken farko da na je wurinsa ko bonet bai buɗe ba. Yana jin bayanina ya ce, "Alhaji, giya ta tafi. Sai dai a je Ƙofar Ruwa a ɗauko 'yar Beljiyam." Kuɗin da ya faɗa ya kusa cinye duk abin da na tara. A daren nan ban yi barci ba, ina ta auna littafi da mota, na rasa wanda zan saki.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini wani dattijo da ba ya aikin komai sai giya. Shi da tambaya ya fara. Da sanyin safiya ta fi yi ko in ta ɗau zafi? A hawa ko a kwana? Ribas yana shiga? Yaushe rabon da a juye man giya? Da ya zo kan ko ana ganin mai a ƙasa, sai na sunkuyar da kai.

Muka zaga da motar har ta yi zafi, ya ajiye ta a wuri mai daidai, ya bar injin a kunne. Ya taka birki, ya bi da giyar ɗaya bayan ɗaya daga P har L, ya mayar da ita P, sannan ya zaro sandar awon mai. Da ƙyar man ya taɓa bakinta. Ya ce in ba shi farar takarda. Babu komai a motar sai kwafin littafina, na zaro shafi na 47 na miƙa masa. Ya ɗiga man a bayansa, ya ɗaga shi a rana, ya shinshina.

"Ɗana, ka ga man nan? Sabo ja ne garau. In ya koma baƙi yana ƙauri, kulochin ciki ya ƙone. In ya zama kamar an zuba masa madara, ruwan lagireto ne ya shiga. Naka ya yi duhu, amma bai yi ƙauri ba. Kana da sauran rabo."

Na ce, "Baba, to me ya hana ta tafiya?" Ya ce a mota mai giyar hannu, ƙafarka da hannunka ne ke aikin, a otomatik kuwa mai ne. Shi ke ɗaukar ƙarfin injin a cikin kwanbata ya miƙa wa giya. Famfo ne ke tura shi da ƙarfi ya matse faifan kulochi, giya ta shiga. Shi ne kuma ke sanyaya su. In ya yi ƙasa, famfo ya riƙa zuƙar iska, matsin ya ragu, faifan su riƙa zamewa suna gugar juna har su ƙone. Ƙugin da na ji a kan gada, zamewar ke nan.

Yaronsa ya shiga ƙarƙashi, ba a jima ba ya gano wurin. Tiyon da ke kai man giya lagireto don ya huce ne ya tsage a bakin ɗauri. Suka kwance kaskon ƙasa, Baba ya nuna mini maganaɗisun da ke ciki. Laushin ƙura ne a jiki kamar toka, ya ce wannan tsufa ne kawai, da ɓurɓushin ƙarfe muka gani da zance ya canza. Suka sa sabon tiyo da filta. Da zan aika a sayo mai, ya nuna mini rubutun da ke jikin sandar awon: T-IV. Ya ce ba kowane jan mai ne man giyarka ba, mai giyar CVT ma nata daban ne, kuma ko awon ba iri ɗaya ba ne, don tsofaffin Honda sai an kashe injin ake auna nasu. Ya ƙara da cewa juye ɗaya ba ya fitar da tsohon mai duka, da yawa yana maƙalewa a kwanbata, in dawo bayan 'yan makonni a sake.

Bai yi mini alkawari ba. Ya ce faifan sun ɗan sha wuta, shekarun da suka rage musu yana hannun Allah da ƙafata. Kada in sa ribas motar ba ta gama tsayawa ba. Kada in yarda a ja ta da igiya tafiya mai nisa injin a kashe, domin famfon ba ya aiki sai injin na juyawa.

Abin da na kashe bai kai kashi ɗaya bisa goma na kuɗin giyar Beljiyam ba. Da na koma gida na faɗa wa maiɗakina gaskiya, cewa ɗigon da ta gani tun farko shi ne ciwon. Ta ce, "To, Allah ya kyauta," ta ci gaba da tankaɗe. Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ita ce kuma ta fara karanta littafin nan, ta ce mini a tsakiya labarin yana ta ƙara amma ba ya gaba. Amsar da na ba ta a kan mota ita na ba ta a kansa: zan duba. A daren na ɗauko shafin da Baba ya ɗiga wa mai, na juya shi na karanta. Tun daga shafi na 40 jarumata take zaune a tsakar gida tana tunani, ba ta yanke komai ba. Na ɗage bugun da wata huɗu, na zauna gyara.

A nan zauren, in wani ya turo rubutunsa mukan yi saurin cewa ya sake shi gaba ɗaya, ni ma na sha faɗa. Yanzu nakan fara da tambayar a wane shafi ne ya fara jan ƙafa. Motar tana nan tana kai yara makaranta, kuma kowace Asabar nakan duba ƙasan inda ta kwana kafin a yi shara.