Yatsa Ɗaya Tsakanin Taya da Madigadi

Bara na kai motata gareji, na ce a yanke sifirin ɗinta ta kwanta ƙasa, irin yayin da samarin unguwarmu ke yi. Bakaniken, wani dattijo, ya zura yatsu huɗu tsakanin taya da madigadi ya ce, "Yaro, wannan filin an bar shi ne don ranar kaya da rami." Na yi dariya. Aka yanke, tazarar ta koma yatsa ɗaya.

Wata biyu ina taƙama. Ranar bikin ƙanwata na ɗauki Hajiyarmu da gwaggonnina uku, bayan mota maƙare da kayan gara. Nauyi ya danne ta. Duk ramin da muka faɗa sai bakin madigadi ya kankari gefen taya, ƙaurin roba ya cika motar. Kafin mu shiga Zariya tayar baya ta fashe. Allah ya tsare, ba gudu nake yi ba.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Sauka kawai ta yi ta tari motar haya.

Washegari na sayo sabon sifirin na koma garejin. Har dattijon ya gama ɗaurawa ban iya haɗa ido da shi ba.