Ciniki Daban, Riba Daban: Lissafin Doya da Haraji a Minna

A Minna da wuya ka sami ma'aikacin gwamnati da ke rayuwa da albashi kaɗai. Wani da ya tashi daga ofis sai shagon POS a Tunga, wani yana da kaji a bayan gida a Maitumbi, wata malamar makaranta tana raba zannuwan gado da turaren wuta ga abokan aiki, a biya ta ƙarshen wata. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 buga-buga ta zama dole, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 80,000 da gwamnatin Jihar Neja ta amince da shi a ƙarshen 2024 bai sa kowa ya ajiye sana'arsa ba. Ni doya na kama. Ina saye lokacin kaka a kasuwannin Gwada da Paiko, in ajiye, in fitar idan farashi ya ɗaga daga bazara zuwa farkon damina. Harkar ta rufa mini asiri, ta kuma koya mini tambayar da yawancinmu ba ma yi wa kanmu: cikin kuɗin nan da ke shigowa, nawa ne nawa na kaina?

Wanda ya fara buɗe mini ido wani dattijo ne, tsohon ɗan kasuwar doya da nake ajiye kaya a rumfarsa. Ba ya rubutu da boko, amma lissafinsa ba ya kuskure. Wata rana muna juya doya, yana ɗaga kowace yana latsa kanta da babban yatsa, yana karya tsiron da ya fito, yana ware wadda ta fara laushi gefe guda, sai na gaya masa cinikin da na yi a makon. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Malam, wannan ai ciniki ka faɗa mini. Ina ribar?" Na ce, "Baba, ai a ciki take." Ya ce, "To fito da ita mu gani."

Fito da itan shi ne aikin. Bari in yi misali da lambobi masu sauƙin bi. Mu ɗauka ka zuba naira miliyan 2 ka sayi doya, ka sayar da ita duka a kan naira miliyan 3. Ido zai ce ka ci miliyan ɗaya. Amma doya ba ta tashi da ƙafarta ta zo Minna ba. Kuɗin mota ya ci, a ce, naira 150,000. 'Yan dako da la'adar dillali, 80,000. Rasit ɗin kasuwa da na lodi, 20,000. Hayar rumfa da ɗan abin da ake ba mai gadi, 100,000. Man mashin ɗinka na zirga-zirga, da katin waya, da cajin masu POS, da naira 50 ɗin da ake cirewa a kan kowane turin kuɗi da ya kai naira 10,000, a ce sun haɗu sun yi 50,000. Jimla 400,000. Ribar da ta rage naira 600,000 ce.

Ƙananan nan su suka fi ɓacewa. Kowa yana tuna kuɗin mota domin a dunƙule ake biyansa, amma ɗari biyar ɗin da ka miƙa wa yaron da ya taya ka sauke kaya ba ta dawowa a rai sai ka rubuta ta nan take. Ga kuma ruɓa da ramewa. Ƙwarya ɗaya doya ɗari ce ranar saye, ba lalle ta kai ɗari ba ranar sayarwa, wadda ta tsira ma ta rage nauyi saboda zafin Maris da Afirilu, wanda duk mazaunin Minna ya san shi. Shi ya sa nake lissafi da abin da na sayar a zahiri, ba da abin da na loda a mota ba.

Sai batun haraji, wanda a nan ne na ga mutanen kirki masu ilimi suna ruɗewa.

Mu 'yan Arewa muna da dalilin jin faɗuwar gaba idan an ambaci haraji. Iyayenmu sun ba mu labarin harajin kai da jangali, wanda ake bi gida gida ana karɓa ko ka samu ko ba ka samu ba, har gwamnatin Abubakar Rimi ta yi suna da soke su a Kano a 1979. Harajin kuɗin shiga na yau ba haka yake ba, a kan abin da ka samu ake ɗora shi. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta tsara shi hawa hawa. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kai. Naira miliyan 2.2 da ke biye, wato har zuwa miliyan 3, kashi 15 cikin ɗari. Miliyan 9 na gaba kashi 18. Daga nan yana hawa zuwa 21, da 23, har ya tsaya a kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50.

Wata ƙanwa a wurin aikinmu, mai sayar da kayan kicin, ta zo mini da murna ta ce, "Yaya, ni dai na tsira, ribata ba ta kai dubu ɗari takwas ba." Na tambaye ta albashinta na shekara, ta faɗa. Na ce mata ai rangwamen nan na mutum ne, ba na kowace sana'a ba. Sau ɗaya ake ba ka shi a shekara, kuma ga ma'aikaci albashi ya riga ya cinye shi. Abin kamar buhu ne: albashi ya cika gindin, ribar sana'a a samansa take zama, don haka harajin hawan da ka riga ka kai shi zai hau kanta tun daga naira ta farko.

Mu koma kan doyarmu. Idan albashinka na shekara, bayan an cire kuɗin fansho da sauran abin da doka ta yarda a cire, ya tsaya a naira miliyan 1.8, harajinsa naira 150,000 ne, wato 12,500 a wata, kuma ofis ya riga ya cire kafin albashi ya shigo. Ɗora ribar 600,000 a kai, ka kai miliyan 2.4, kana cikin hawan kashi 15 har yanzu. Harajin ribar naira 90,000 ke nan, ya rage maka 510,000. Wanda ya fi ka matsayi, albashinsa ya kai miliyan 2.7, da riba iri ɗaya zai tsallaka miliyan 3: rabin ribar a kashi 15, ɗaya rabin a kashi 18, ya biya 99,000. Maƙwabcinka kuwa da ba ya ɗaukar albashi, doyar ce kaɗai hanyar samunsa, ribarsa ta 600,000 ba ta kai inda haraji ke farawa ba. Mutum uku, riba ɗaya, amsa uku. Saboda haka idan wani ya ce maka "ni kaza nake biya", kada ka ɗauki lissafinsa ka ɗora wa kanka.

Raba 510,000 ɗin nan gida goma sha biyu, za ka ga naira 42,500 a wata. Wannan shi ne ainihin abin da cinikin miliyan 3 ya ƙara wa gidanka. Ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali, yana biyan kuɗin makarantar yara ya sayi buhun masara. Amma wanda ya riƙe miliyan ɗaya a ransa zai yi alkawura na miliyan ɗaya, ya ɗauki adashi mai nauyi, ya ce wa maigida ya ƙara masa ɗaki, daga ƙarshe uwar kuɗi ce za ta biya. Na ga jari da yawa sun narke ta wannan hanya ba tare da an yi asara ko ɗaya a kasuwa ba. A shekara irin 2024, da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, ko 510,000 ɗin ma ba duka ake ci ba, domin miliyan 2 ta bara ba za ta sayi yawan ƙwaryar da ta saya ba. Dole a mayar da wani abu cikin jari, in ba haka ba kaya na raguwa kana ganin kamar kana nan yadda kake.

Abin da nake yi yanzu mai sauƙi ne. Duk lokacin da na rufe lissafin wani kaya, nakan ware kashi ɗaya cikin biyar na ribar in ajiye inda hannuna ba ya saurin kaiwa. Ya ɗan fi abin da ake bi na, kuma da gangan nake yin haka, domin rarar ta fi gibi daɗin sha'ani. Albashi ana cire masa haraji ba ka gani ba, ribar sana'a kuwa sai ka ciro da hannunka, kuma ciro 90,000 a dunƙule daga aljihun da ya riga ya kashe su abu ne mai ciwo.

Na kuma buɗe wa doya asusunta daban. A ƙarshen 2025 jita-jita ta cika gari cewa duk kuɗin da ya shiga asusun banki za a yanke masa haraji, har wasu suka koma ɓoye kuɗi a gida. Taiwo Oyedele, wanda ya jagoranci kwamitin shugaban ƙasa kan gyaran haraji, ya sha fitowa yana bayanin cewa a kan kuɗin shiga ake biya, ba a kan duk abin da ya ratsa asusu ba. Kyauta ba riba ba ce, bashi ma haka. Sai dai idan kwasar adashi, da gudummawar biki, da kuɗin da ɗan'uwanka ya turo daga Suleja a kai wa Hajiya, da cinikin doya duk a asusu ɗaya suke, kai kanka ba za ka iya rabe su ba bayan wata shida, balle ka gamsar da wani. Littafi ɗaya mai layi, da leda ɗaya ta tara rasit, da asusu na daban, sun ishe ni.

Akwai wani nau'in samu da ke zuwa da nasa salon. Wani lokaci ƙungiya ko kamfani kan ɗauke ni aikin horaswa na ɗan lokaci. A yi yarjejeniya a kan naira 200,000, sai alat ya nuna 190,000. Ba cuta ba ce, kashi 5 ne da doka ta ce su riƙe su miƙa wa hukuma da sunanka, kamar kafin alƙalami na harajinka. Wanda ba shi da lambar haraji ma ninki biyu ake riƙe masa. Abu biyu nake kula da su a nan. Na farko in karɓi takardar shaidar cirewar, domin ba tare da ita ba 10,000 ɗin nan ba ta da mai ita. Na biyu in tuna cewa ba a gama ba: idan ina hawan kashi 15, harajin 200,000 ya kama 30,000, an biya 10,000, saura 20,000, sai dai abin da kuɗin da na kashe wajen yin aikin ya rage.

Dokar ta kuma bar wata ƙofa da masu haya a Bosso da Kpakungu da Chanchaga ya kamata su sani. Ana cire kashi 20 na kuɗin hayar gidanka na shekara daga abin da za a ɗora wa haraji, iyakarsa naira 500,000. Mai biyan hayar 300,000 za a rage masa 60,000, wanda a hawan kashi 15 ya zama 9,000 a aljihunsa. Sharaɗin shi ne ka bayyana, ka kuma iya nuna shaida, don haka ka daina miƙa kuɗin haya hannu da hannu babu rasit, ko da maigidan aminin mahaifinka ne.

Zakka kuma tana nan a matsayinta. Idan jarin da kuɗin hannu sun kai nisabi, shekara ta zagayo, kashi biyu da rabi haƙƙin mabuƙata ne, kuma biyan haraji ba ya sauke ta. Nisabi yana bin farashin zinariya, shi ya sa nake tambayar malamai kowace shekara kafin in rufe littafi.

Na san abin da wasu za su ce, domin ana faɗa mini a majalisa: a biya don me, alhali ga halin da hanyoyi ke ciki, ga manoman yankin Shiroro da muke sayen doyarsu da yawa sun bar gonakinsu saboda 'yan bindiga, suna zaman gudun hijira a Gwada da Kuta? Wannan magana tana ci mini rai ni ma, kuma ba na raina mai yin ta. Na zauna da manoman nan, na ga mutumin da a da yake cika mota da doyarsa yana dako a kasuwa. Amma ra'ayina shi ne mai rasit a hannu ya fi ƙarfin murya idan ya tashi tambayar ina kuɗin suka tafi. Harajin mutum ɗaya ɗaya irinmu jihar da yake zaune yake zuwa, namu na mazauna Minna yana shiga hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Neja, ba wata ƙasa mai nisa ba. Muna da damar bin sawunsa, ya kamata kuma mu bi.

Ranar 31 ga Maris ce iyakar miƙa bayanin kuɗin shigar shekarar da ta gabata, kuma a sabon tsarin harajin an sa tarar naira 100,000 a watan farko ga wanda bai miƙa ba, da 50,000 a kowane wata bayansa. Tarar watan farko kaɗai ta fi harajin doyar da muka lissafa. Ni tun cikin Fabrairu nake haɗa takardun albashi, da littafin doya, da rasit ɗin haya, da shaidar abin da aka riƙe mini, in zauna da wani abokina akanta mu duba kafin in kai. Takardar shaidar biyan haraji da ake bayarwa tana duba shekara uku ne a baya, kuma ana neman ta wajen takardar mallakar fili da neman kwangila, don haka wanda ke da niyyar ɗayansu nan da shekara uku, bana ce shekararsa ta farko.