Rawar Mota a Hanyar Falgore

A daminar da nake tattara bayanan bincike a kan waƙoƙin noma na ƙasar Doguwa, kawuna ya ara mini motarsa, Toyota Hilux mai jan ƙafa huɗu, bisa sharaɗin in mayar masa da ita yadda na karɓe ta. Nakan tashi daga Kano da sassafe, in bi titin Zariya ta Kura da ƙasar Bebeji, in karya hagu a Kwanar Dangora da ke ƙaramar hukumar Kiru, sannan in miƙa Tudun Wada, in keta dajin Falgore zuwa Doguwa da Riruwai. Daga can kuma sai hanyoyin ƙauye na jar ƙasa, waɗanda ruwan Agusta ke mayarwa taɓo.

A tafiya ta huɗu motar ta ɓullo da wani hali. Da zarar gudu ya haura kilomita 90, sai sitiyari ya kama ɓari a hannuna. In na sauko ƙasa da 70 sai ya natsu kamar ba shi ba. Na kuma lura tayar gaba ta dama ta cinye ta gefen ciki har ta yi sulɓi, alhali gefen waje yana nan da zanensa. Na kai ta wani gareji a birni, na ce musu motar tana rawa. Ba wanda ya yi mini tambaya ko ɗaya. Aka yi mata alaimen, wato saita tsayuwar ƙafafu, na biya. Washegari tun kafin in wuce Kura rawar ta dawo. Wanda ya san Falgore ya san dalilin da ya sa gabana ya faɗi: daji ne mai tsawo, ba wurin da mutum zai so tayarsa ta fashe yana tsakar gudu ba, balle ya tsaya canji shi kaɗai bayan la'asar.

A Kwanar Dangora na tsaya wurin wani dattijon bakanike mai aiki a ƙarƙashin rumfar kwano. Na gaishe shi, na ce, "Baba, motar ce take rawa."

Ya ce, "Malam, ai rawa iri-iri ce. A hannu kake jin ta ko a mazauni?"

Na ce a hannu. Ya tambaye ni a wane gudu take farawa, ko tana ƙaruwa in na taka birki, ko tana ɗaukewa in na saki totur, ko akwai ƙarar da ke biye da ita. Daga baya na fahimci kowace tambaya tana cire wani abin zargi ne. Abin da ake ji a sitiyari, wanda shi ya kira kaɗawa, galibi daga ƙafafun gaba yake. Wanda ake ji a kujera da daɓen mota, jijjiga a bakinsa, daga ƙafafun baya yake ko daga farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa baya. In sai an taka birki yake zuwa, faifan birki ne ya karkace. In kuma gurnani ne mai ƙaruwa da gudu, mai sauya murya idan an karya kwana, boris ya mutu. Kowanne da amsa-kamarsa: wannan kyar-kyar-kyar, wancan gir-gir-gir, na boris kuwa wuu-wuu.

Sai ya tsuguna ya shafa tayar da tafin hannu, daga ciki zuwa waje, daga waje zuwa ciki. Ya ce taya ba ta ɓoye abin da aka yi mata. Wadda ta ci baki biyu ta bar tsakiya, iska ce ta yi mata kaɗan. Wadda ta ci tsakiya, iska ta yi yawa. Wadda ta yi kwari-kwari a zagaye, shokazoba ya saki, tana tsalle a kan kwalta. Tawa ta ci gefe ɗaya, kuma zanenta yana da santsi in an shafa ta wani ɓangare, yana da kaifi in an juyo, alamar ƙafar ba ta kallon gaba sosai, ana jan ta a karkace. Ya sa yaronsa ya ɗaga motar da jak, ya riƙe tayar ta sama da ƙasa ya girgiza, shiru. Ya riƙe ta dama da hagu, sai ga ƙwas-ƙwas. Tayarod ya yi sako-sako. Nan na gane inda kuɗina na jiya suka tafi: an saita ƙafa a kan ƙarfen da ba ya riƙe saiti, ramin farko ya warware aikin.

Amma ya ce wannan ya bayyana cin tayar ne, bai gama bayyana kaɗawar ba. Da aka kwance ƙafar, sai ga busasshiyar jar laka dam a cikin rim, ta taru wuri ɗaya, ga kuma gurbin darmar da ake maƙalawa don daidaita nauyi, ta faɗi. Ɗan nauyin da hannu ba zai damu da shi ba yakan zama guduma idan taya tana juyawa fiye da sau goma a daƙiƙa. Ba shi da injin balansin, don haka ya yi abin da ya fi burge ni: ya mayar da wannan ƙafa baya, ya kawo ta baya gaba, ba tare da an kankare lakar ba, muka hau titi. Sitiyari ya yi tsit, jijjigar ta koma ƙarƙashin kujerata. Gwaji ne mai sauya abu ɗaya tak a bar sauran, irin wanda ake koya mana a darasin dabarun bincike.

Laifi na ƙarshe nawa ne. Da muka zo juyowa, motar ta riƙa turjewa, tayoyi na goga kwalta. Ya dubi ƙaramar giyar da ke gefe, ya dube ni. Tun ranar da na fito daga taɓon Riruwai ban cire ta daga jan ƙafa huɗu ba. Irin wannan mota, idan an sa mata giyar, gaba da baya suna ɗaure ne da gudu ɗaya, alhali a kwana ƙafafun gaba sun fi na baya tafiya mai nisa. A laka taya takan zame ta huce bambancin. A busasshiyar kwalta ba inda za ta zame, sai roba ta biya, ƙarafan ciki su ɗauki sauran. "Malam," in ji shi, "wannan giyar ta daji ce, ba ta titi ba." Ya kuma nuna mini lambobi huɗu a jikin tayar, biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. Ta girmi shigata digiri na biyu nesa ba kusa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai na harshe ne. Nazarinmu a kan aron kalmomi yakan jera sitiyari, birki, boris, farfela, shokazoba, ya bayyana yadda aka saƙa wasali tsakanin baƙaƙe, aka Hausantar da lafazi, ya tsaya nan. Sai dai a rumfar nan na ga sunayen ƙarafa ne kawai aka aro. Aikin gano ciwo kuwa yana kan kalmomin gida: rawa, kaɗawa, jijjiga, gurnani, ci. A aji mukan tara ukun farko a matsayin masu kusancin ma'ana. A wurinsa kowace tana nuna wani sashe na mota, kuma wanda ya musanya su zai sayi kayan da ba su ne suka lalace ba, kamar yadda na yi. Mu manazarta mun sami littafin keɓaɓɓun kalmomin fanninmu tun 1990, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. Na wannan dattijo a ka yake, yana tafiya daga oga zuwa yaro. Ba na cewa duk makanikan Kano haka suke rarrabe kalmomin, domin mutum ɗaya na saurara, kuma na garejin birni ma Hausa yake ji. Wannan bambanci tsakaninsu shi kansa abin a bincika ne, da rikoda, gareji-gareji.

Ranar ban shiga Falgore ba. Ya ce in koma Kano a hankali, in sayi tayarod a Ƙofar Ruwa, a ɗaura shi tukuna, sannan balansin, sannan alaimen, kada a sauya wannan jeri. Mawaƙan da ke jirana a Doguwa sai bayan mako guda muka haɗu, kuɗin sabuwar taya kuma daga guzurin bincike suka fita. Kawuna da na ba shi labarin giyar, dariya ya yi, ya ce shi ma sai da ya cinye tayoyi biyu kafin ya sani.