Tashar Kano A Kan Tebur, Da Abin Da Ta Tuna Wa Mutumin Daura



Sanin kowa ne cewa mu mutanen ƙasar Daura mun daɗe muna jin labarin jirgin ƙasa, amma iyayenmu ba su taɓa jin kukansa ba sai sun yi tattaki. Layin dogo ya iso Kano cikin 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, kuma a shekarar nan ce Sarki Abdurrahman ya hau gadon sarautar Daura. Ya yi shekara 55 yana mulki, Sarki Muhammadu Bashar ya gaje shi ya yi shekara 41, duk ba a shimfiɗa ko ƙarfe ɗaya na dogo a ƙasarsu ba. An kai reshe Ƙauran Namoda cikin 1929, an kai Nguru cikin 1930, an kai Maiduguri cikin 1964, amma Daura da Katsina sai dai labari. Sai cikin watan Fabrairu na 2021, watau bayan shekara 110, aka aza harsashin layin da aka tsara ya tashi daga Kano, ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ya ƙare a Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar.

To, abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wani aikin hannu da Allah ya nufe ni da gani a wajen nunin kayan sana'a da aka yi a harabar wata makaranta a nan ƙasarmu. An kawo sirdi da linzami, an kawo tabarmi da fayafayai da tukwane, kowa yana yaba na gwaninsa. Amma inda jama'a suka fi yin cincirindo shi ne gaban wani dogon tebur, inda wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, ya kafa samfurin tashar jirgin ƙasa ta Kano kamar yadda ya san ta yana yaro, wajen 1960, sa'ad da mahaifinsa yake aiki a cikinta.

Gani ya kori ji, amma zan kwatanta gwargwadon iko. Dattijon nan ya ɗauki ma'auni guda ya bi shi a kan kome, watau abin da yake ƙafa 50 a zahiri ya mai da shi ƙafa ɗaya. Tsohon layin dogo na Nijeriya faɗinsa ƙafa uku da rabi ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, saboda haka nasa bai cika inci ɗaya ba. Da gwangwanin madara ya ƙera taragai, da katako ya yi ginin tasha, da yumɓu ya ɗaga katangu, ya shafa musu jar ƙasa. Kan jirgin kuwa irin mai cin kwal ne, daga cikin waɗanda aka fara ƙerawa a Birtaniya cikin 1948 aka raɗa musu sunayen koguna. Na duƙa na ƙirga ƙafafunsa, biyu a gaba, takwas manya a tsakiya, biyu a baya, daidai yadda na ainihin suke. Ga tankin ruwa bisa dogayen ƙafafu, ga tulin kwal wanda a zamanin daga Inugu ake kawo shi, ga sanda mai hannu wadda ke gaya wa direba ya tsaya ko ya wuce. Da ya haɗa waya da batir sai jirgin ya motsa a hankali, ya zaga, ya dawo ya tsaya a bakin dandamali. Yara suka yi sowa. Wani tsoho da ke kusa da ni kuwa bai ce uffan ba, sai na ga ya kai hannun riga ga idonsa.

Mutanen da ya zuba a tashar da totuwar kara da ƙyalle ya yi su, tsawon kowanne bai fi gaɓar yatsa ba, kuma bai yi wa ko ɗaya fuska ba. Duk da haka ba wanda za ka kalla ka kasa sanin ko wane ne. Da rawani da alkyabba ka san basarake, da gajeren wando da hular kwano ka san Bature, da gammo ka san ɗan dako, da tire a ka ka san 'yar talla.

Ƙwarewar hannu abin yabo ce, amma abin da ya fi kama zuciyata shi ne amanar mai aikin. Wanda ya tashi ba da labarin zamanin ƙuruciyarsa yakan so ya wanke shi tas, ya bar daɗin ya zubar da ɗacin. Wannan dattijo bai yi haka ba. Ya sa taragon masu kuɗi da labule a taga da kujeru 'yan kaɗan, ya sa na talakawa a cike maƙil, har da masu leƙowa ta taga don neman iska. Ya sa dalar gyada guda uku a bayan tasha, ya kuma sa leburori suna hawa da buhu a ka, bayansu a tanƙware. Ya sa sikeli da akawu a zaune a inuwa, 'yan baranda sun kewaye shi, manomi kuwa yana tsaye a rana yana jiran abin da za a ce masa. Hatta baƙin da hayaƙi ya yi wa rufin tasha bai manta da shi ba.

Na ce masa, "Baba, me ya sa ba ka fente rufin nan ba, ga shi sauran aikin duk tsaf?"

Ya ce, "Malam, in na fente shi ai na yi ƙarya. Haka na gan shi."

Sa'an nan ya kama hannuna ya kai ni can ƙarshen teburin ta arewa, inda hanya ta zo bakin katako ta yanke. A nan ya jera jakuna shida da mangala, da raƙuma biyu, suna shigowa. Ya ce, "Waɗannan naku ne, Malam. Daga wajenku suka fito. Garinku yana can gaba, tebur bai kai ba."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin a cikinta akwai tarihin shekara ɗari. Kafin zuwan jirgi, fuskar cinikin ƙasar Hausa arewa take kallo. Ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Damagaram da Azbin, har ya dangana da Gat da Gadamas da Tarabulus, yana ɗauke da fatu da turkuɗi da gashin jimina, ya komo da takarda da alharini da turare, kuma ƙasar Daura tana kan hanyar Kano zuwa Damagaram. Tafiyar Tarabulus watanni take ci, ga ƙishirwa ga 'yan fashi. Da aka haɗa Kano da Ikko cikin 1912, tafiyar mil 700 ta koma ta 'yan kwanaki, sai fatauci ya juya wa hamada baya ya fuskanci teku. Garin da yake kan hanya ya wayi gari a bayan hanya, alhali bai gusa ko taku ɗaya daga inda yake ba.

Har wa yau, akwai abin lura game da gyadar nan da aka tara dala da ita. Turawa sun shimfiɗa dogo ne da fatan auduga, domin masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano da maƙwabtansu suka yi lissafinsu, suka ga gyada ta fi riba, ga shi in kasuwa ta faɗi ana iya cinta, ana iya matse mai a yi ƙuli-ƙuli, harawarta kuma dabba ta ci. Tun daga 1912 gyada ta cika tashar Kano, fatake irin su Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955, suka shiga tsakanin manomi da kamfanonin Turawa suka yi arziki. Dalar ma ba don ado aka yi ta ba, taragai ne suka kasa kwashe abin da aka noma, sai aka jibge buhuna bisa buhuna suna jiran layi. Ashe jirgi bai ƙirƙiri arzikin Kano ba. Ya tarar da mutane masu abin lodawa, masu sanin ciniki, shi ya sa ya amfane su.

Yau ina dalar? Fari na 1972 zuwa 1974 ya karya manoma, cutar gyada ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin hukuma daga gona. Motocin tirela suka karɓe kaya daga hannun jirgi. Yaron da aka haifa a Kano bayan wannan sai dai ya ga dala a hoto. Abin da dubban mutane suka gani da idonsu kullum, suka ɗauka ba zai taɓa gushewa ba, ya gushe cikin ƙasa da shekara 20, kuma kaɗan ne suka damu su auna shi tun yana nan. Saboda haka ne nake ganin teburin dattijon nan ya wuce wasan yara. Shaida ce, kuma shaidar da ba ta ƙara ba ta rage tana da daraja ko da gwangwani aka yi ta.

Wani zai ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Gaskiya ne akwai tuna baya na ragwanci, wanda ba ya haifar da kome sai tsaki. Amma akwai na mai hankali, wanda yake duba sawun da ya bari domin ya san inda ya nufa. Mutanen wasu ƙasashe sun riƙe irin wannan aiki da muhimmanci. A birnin Hamburg na Jamus akwai wani gidan nuni da aka buɗe cikin 2001, wanda ƙananan layukan dogonsa in an miƙe su sun fi kilomita 15. Wanda ya fi kusa da zancenmu kuwa shi ne gidan Pendon a Ingila. Wani mutumin Ostareliya mai suna Roye England ya je Ingila cikin 1925, ya ga ana rushe tsofaffin gidajen ƙauye masu rufin ciyawa ana sāke musu kama. Sai ya shiga bin su gida gida yana aunawa, yana ɗaukar hoto, yana rubuta launin kowane bango, daga baya ya riƙa gina su ƙanana bisa ma'aunin ɗaya cikin 76, da jiragen ƙasa na zamanin suna ratsawa. Cikin 1954 aka kafa gidan nunin. Da yawa daga cikin gidajen da ya auna sun canza ko sun shuɗe, amma jikokin masu su suna zuwa su ga inda kakanninsu suka kwana. A nan gida ma, a gidan tarihi na Jos, an ajiye kawunan ƙaramin jirgin da ya yi zirga-zirga tsakanin Zariya da Jos har aka rufe layin cikin 1957.

Mu mutanen Daura ba baƙi ba ne wajen riƙon tarihi. Mun riƙe rijiyar Kusugu da labarin Bayajida da Daurama, muna hawan Sallar Gani kowace shekara, baƙi suna zuwa daga nesa su gani. Amma mun fi ƙarfi a kan abin da ya yi shekaru aru-aru, mun yi sakaci da na jiya da shekaranjiya. Wa zai iya zana mana kasuwar Daura yadda take zamanin Sarki Abdurrahman, ina rumfar mahauta, ina ta dukawa, ina masu gishiri da kanwa suke sauke kaya? Soraye nawa masu zanko aka rushe aka sa bulo da kwano, ba wanda ya auna tsawonsu ko ya kwafi zanen da ke goshinsu? Dattawan da suka san waɗannan abubuwa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Jirgi kuwa, duk garin da ya shiga sai ya sāke masa kama. Ya yi wa Kano haka, inda Sabon Gari da kantuna suka tashi a wajen ganuwa. Ya yi wa Nguru da Gusau haka. Daura ma ba za ta tsira ba, unguwanni za su miƙa wajen tasha, filaye za su yi tsada, baƙi za su zo da sana'o'insu. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Saboda haka ina roƙon abu biyu, kuma duka biyun awo ne.

Na farko, a auna garin yadda yake yanzu. Muna da Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, wadda aka aza harsashinta cikin Disamba 2019, muna da makarantun sana'a, muna da magina da maƙera da kafintoci. Ɗalibai su fita da igiyar awo da takarda, su bi tsofaffin unguwanni, su zauna gaban dattawa su tambaya, sa'an nan a gina samfurin birnin bisa ma'auni guda, a ajiye shi inda kowa zai gani. Sharaɗi ɗaya ne, kada a fente rufin da hayaƙi ya baƙanta. A sa lungu da kwatarsa, a sa mai ruwa da kurarsa, a sa bukkar talaka kusa da soron attajiri.

Na biyu, mu auna abin da za mu loda. Muna da shanu da tumaki da raƙuma da ke cika kasuwar Mai'aduwa, muna da gero da wake da riɗi daga Zango da Baure da Sandamu, muna da fatu. Shin a haka za su riƙa fita, wani ya jeme ya ɗinka ya dawo mana da takalmi mu saya da tsada? In ba mu shirya ba, jirgi zai tsaya a ƙofarmu ya sauke kayan wasu, ya ɗebi samarinmu ya wuce, mu koma jakunan bakin tebur alhali tasha tana cikin garinmu.

Wannan shi ne ɗan abin da na ga ya kamata in isar ga sarakunanmu da malamanmu da attajiranmu, da duk wanda yake da tsoho a gida mai sauran tunani. Allah ya jiƙan waɗanda suka fasa dutse suka ɗauki ƙasa a ka aka shimfiɗa dogon farko, da yawansu bisa tilas. Allah ya sa wanda ke zuwa ya zamo alheri ga ƙasar Daura da maƙwabtanta, amin.

Wassalam.