Neman Ƙarfen Mazubi a Dilimi

Motar Jos ta tashi daga Kano da sassafe, muka bi ta Kwanar Dangora, muka wuce Tudun Wada, muka shiga dajin Falgore inda hira kan ragu kowa ya kama addu'a. Aike ne ya fito da ni. Yayana sana'arsa zubin alminiyam, ludayi da cokali da tukwane, kuma duk a yashi yake zubawa: a danna samfuri, a cire, a zuba, a fasa, a sake sabon gini. Da 'yan sari suka yi masa yawa sai ya fara sha'awar mazubin ƙarfe, wanda buɗewa da rufewa ne kawai. Wani yaronsa mai yawan latsa waya ya cusa masa sunan wani ƙarfe, wai H13, shi kuwa ya kafe sai shi. Ni da na taɓa makarantar fasaha aka ɗora wa tafiyar.

A ƙasar Doguwa muka bar Ririwai a gefe. Mutanen can sun daɗe suna narka kuza suna zuba dalma sirara-sirara tun kafin zuwan Turawa, kuma sawun wannan dalmar Kamfanin Neja ya bi har ya hau tsaunukan Filato a farkon ƙarni na 20. Daga Jengre mota ta fara hawa, sanyi ya shigo ta taga. Jos na bisa tudun da ya kai mita 1,200, wanda ya zo da riga ɗaya zai gane kurensa.

Garin ya san ƙarfe. A hanyar Zariya ake wuce cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa. Kamfanin Makeri ya fara narka kuza a nan a farkon shekarun 1960, sannan aka kafa masana'antar murza ƙarfe a farkon shekarun 1980, tare da ta Katsina da ta Oshogbo. Sai dai rodin gini aka yi ta dominsa. Ƙarfe irin wanda aka aiko ni nema daga waje yake shigowa.

Da hantsi na shiga Dilimi. Ƙarar guduma da tartsatsin walda ta kowane lungu, ga tulin kan inji da tsofaffin fistan, ga 'yan gwangwan suna awo a sikeli. Aka nuna mini rumfar wani dattijo mai injin sassaƙa ƙarfe. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ke tafe da ni.

"Yaro, guda nawa zai riƙa zubawa? Kuma da hannu zai zuba ko da inji?"

"Da hannu, Baba."

"To me ya haɗa shi da ƙarfen masu kamfani?"

Maganarsa a kan hanya take. Alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660, ana zuba shi ya ɗan haura 700. A manyan masana'antu inji ne ke cusa narkakken cikin mazubi da ƙarfin gaske cikin ƙiftawar ido, a yi ta maimaitawa dare da rana. Fuskar mazubin ta ɗau zafi ta huce, ta ɗau zafi ta huce, har ta soma tsattsagewa. Alminiyam kuma yana da halin cin ƙarfe ya manne masa. Don wannan wahalar aka yi H13, mai kuromiyam kusan kashi 5 cikin 100 da ɗan molibdenam da banadiyam. Amma da taushinsa ake sayar da shi. Bayan sassaƙa sai an gasa shi ya wuce digiri 1,000 a murhu mai ma'auni, a sanyaya, a sake gasawa sau biyu a kusan 550 zuwa 600. Da gawayi da zugazugi ba a iya riƙe wannan lissafi. Wanda ya biya kuɗinsa bai yi masa wannan gashi ba, suna kawai ya saya.

Baba ya jawo wani tsohon mazubi daga ƙarƙashin benci, wanda wani ya kawo gyara ya gudu ya bari. Da farantin ƙarfen walda aka yi shi, don arha. Ya haɗa ɓarin biyu ya ɗaga wa rana, sai ga haske yana ratsowa ta tsakiya; zafi ya lanƙwasa shi, narkakke zai riƙa tsiyaya ta nan. Wani kuma da sifirin ɗin mota aka yi, ya dare daga kusurwa. Sannan ya ɗauko wani guntu mai toka-toka ya kanga wa dutsen washi. Tartsatsinsa gajere ne, ja mai duhu, ba irin dogon rawaya na ƙarfen walda ba. Ya goga masa magagari ya shafa garin a tafin hannuna, ya bar baƙi kamar na fensir.

"Kas ke nan. Baƙin nan shi ke sa ya yi daɗin yanka, kuma ba ya murɗewa a wuta."

Ƙarfen kas shi ne abin da masu zubin hannu suka fi amfani da shi ko a ƙasashen waje, kuma a Dilimi awonsa ake yi da kilo. Aibinsa gautsi: in ya faɗi a siminti ko ya sha guduma, ya tafi. Baba ya ƙara da sharaɗi biyu. Na farko, a ɗumama mazubin sosai kafin fara zubi, domin ludayi siriri ne, in ƙarfen da sanyi narkakken zai daskare kafin ya cika. Ɗigon ruwa ɗaya kuma a ciki yana iya watso wa mutum wuta a fuska. Na biyu, a turara cikinsa da baƙin hayaƙi don kaya su riƙa saki. A sanyin Jos, in ji shi, yaransa sai sun ƙara wa mazubi wuta fiye da yadda za a yi a Kano.

Na kira yayana na miƙa wa Baba wayar. Suka daɗe suna ja, ina jin yayana yana cewa "amma Baba, an ce mini". A ƙarshe suka tsaya a kan mazubin ludayi ɗaya na kas don gwaji, tukwane kuwa su ci gaba a yashi, tun da girmansu ya bambanta, kowace sai an yi mata nata. Na ba da kafin alkalami, na bar samfurin ludayin, na hau Keke Napep zuwa Farin Gada in sayi dankalin Turawa da kabeji na tsaraba kafin motar yamma ta cika.