Gaɓar Kogi a Watan Agusta

Na baro Kano da sassafe, muka bi ta Wudil, kafin hantsi ya ɗaga mun shiga Birnin Kudu. Niyyata in leƙa tsoffin zane-zanen Dutsen Habude, sannan in wuce Gwaram gaisuwar rasuwa. Na ga zanen, amma kogin garin ne ya tsaya mini a rai.

Da rani na san wurin nan: yashi fari fetal, mata na wanki, tifofi na lodi. Yanzu kuwa ruwa ne jajir, yana janye da rassan itace. Na matsa gaɓa zan ɗauki hoto, sai wani dattijo mai fito ya daka mini tsawa.

"Ɗana, ja da baya! Inda kake tsayen nan ruwa ya cinye ƙarƙashinsa."

Na ce, "Baba, ai ko gajimare babu yau."

Ya ce ruwan da ke cin mutum a nan ba lallai a nan aka yi shi ba. Can kudu ake tafka shi, wajen tsaunuka, ya gangaro cikin dare. Ramukan da masu haƙar yashi suka bari da rani su ne tarkon yara: ƙafa na kan tudu, taku ɗaya gaba sai zurfin da ya shanye babban mutum.

Muna jin labarin tekun Legas da igiyar da ke jan mai wanka, mu yi ta jinjina kai. Can aƙalla ruri da kumfa suna gargaɗi. Namu kogin shiru yake yi.

A motar Gwaram hira ta koma kan Agustan 2021, lokacin da ruwa ya karya gada a hanyar Basirka, wata bas da ta taso daga Kano ta afka ciki, mutum 21 suka rasu. Daga nan babu wanda ya ƙara cewa uffan har muka sauka, sai salati ƙasa-ƙasa duk inda muka hau gada.

Mai karatu, in damina ta kawo ka wannan yanki, kada ka yi tafiyar dare. In za ka tsallaka, tambayi masu fito, kada ka shiga kwale-kwalen da aka yi wa lodi fiye da kima. Ka riƙe hannun yaronka tun kafin ku isa gaɓa.