Ƙurajen da Aka Rasa Sunansu

Hausa ba ta da talaucin sunayen cututtukan fata. Akwai ƙazuwa, akwai makero, akwai kyasbi da borin jini, kuma kowane suna yana tafe da maganinsa. Sai dai akwai ƙurajen da ba su dace da ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma inda suna ya gagara, zato kan maye gurbinsa.

Wata amarya a Allakaye, cikin gundumar Buza, ta ɗanɗana haka. An kai ta ɗaki da bazara, lokacin da zafin Adar ke haura digiri 40. Kwana biyu da sanya ƴan kunne da sarƙar lefenta, sai kunnuwanta suka kumbura suna tsattsafar ruwa, ƙuraje kuma suka zagaye wuyanta. Aka ce ƙazuwa ce, aka dafa tufafinta, amma ba wanda ya kamu a gidan. Aka ce borin jini ne, aka hana ta gyaɗa, ba sauƙi. Daga nan aka fara raɗe-raɗin sammu, ana lissafin hannuwan da suka taɓa akwatin lefen. In ta cire kayan, dangin miji su ce ta raina su. In ta sanya, ta kwana susa.

Ma'aikacin lafiyar da ya duba ta ya lura da abu guda: ƙurajen sun tsaya daidai inda ƙarfe ya kwanta, ba su ƙetare ba. Sarƙar mai ruwan zinariya ce, a ƙarƙashin ruwan kuwa akwai nikel, ƙarfen da ya fi kowane jawo irin wannan ciwo a duniya. Gumi yana narkar da ɗan kaɗan daga cikinsa, ya ratsa fata, garkuwar jiki ta ɗauke shi abokin gaba. Martanin ba ya fitowa nan take, sai bayan yini ɗaya zuwa uku, shi ya sa ba a saurin zargin ƙarfen. Ba ya yaɗuwa, amma jikin da ya ƙi nikel ya ƙi shi ke nan. Man shafawa yana kwantar da ƙaiƙayi, maganin gaskiya kuwa shi ne rabuwa da ƙarfen, har da na maɓallin wando, da bayan agogo, da sulen dala ashirin da mata kan cusa cikin rigar mama. Tun 1994 Tarayyar Turai ta kafa iyaka ga yawan nikel ɗin da kayan ado za su riƙa saki, amma mai saye a kasuwar Buza ko Madawa ƙyalli kawai take gani.

Da bayanin ya isa gida, uwar mijin ce ta fara magana: "Ɗiyata, ashe laifin ƙarfe ne muka ɗora wa mutane." Ita da kanta ta nemi maƙerin Buzaye ya ƙera mata ƴan kunne na azurfa tsantsa, domin ba duk farin ƙarfe ne azurfa ba. Cikin ƴan makonni fatar ta lafa.

Sau da yawa ƙiyayyar jiki da nikel daga hujin kunne take farawa, inda ƙarfe ke zama cikin ɗanyen rauni. A ƙasar da ake huda kunnen ƴa mace tun tana jaririya, ɗan kunnen farko ya fi na lefe bukatar a zaɓe shi da hankali.